Ranar da Jini Ya Ƙi Tsaya wa Mani Wanzami

Ko yau ka shiga 'Yargoje ka tambayi gidan Mani Wanzami, ba za ka sha wahalar nema ba. Kusan duk namijin garin da bai haura arba'in ba ya taɓa zama a gabansa yana kwarara ihu, kuma mutum ba ya manta wanda ya yi masa kaciya. Za a nuna maka wani zaure mai ƙyauren langa-langa a gindin darbejiya. Nan za ka tarar da shi kan buzu, dogon tsoho siriri, gemu fari fat, yana goga aska a tafin hannu ko da babu kan da zai aske. In ka yi sallama zai amsa, ya matsa maka wuri, ya yi shiru. Wanda ya san shi shekara biyar baya zai yi mamaki, domin a da bakin Mani ba ya hutawa.

Wanzanci gado ne a gidansu. Yana ɗan shekara tara ubansa ya rataya masa zabira, ya riƙa binsa ƙauye-ƙauye. A bayan duma ya fara koyon riƙe aska, sai da ya kankare dumamen gidansu kaf kafin a yarda ya taɓa kan mutum. Daga aski ya shiga ƙaho, daga ƙaho ya shiga kaciya, sai a ƙarshe aka koya masa cire belu, ɗan naman nan da ke reto can cikin maƙogwaro. Mutanenmu sun ɗauka in ba a cire wa jariri shi ran kwana uku ba, zai kumbura ya hana shi shan nono, ya sa shi amai da tari. Haka Mani ya taras ana yi, haka ya yi, shekara arba'in da ɗoriya.

Abin da ya fitar da sunansa shi ne jini ba ya yi masa gardama. Yana yanka, ya barbaɗa wani gari da ya gada, bagaruwa da toka da abin da bai taɓa faɗa wa kowa ba, ya danne da yatsa, ya yi tofi. Kafin uwar yaro ta gama salati jini ya tsaya. Mani ba marowaci ba ne, ba kuma mai mugunta ba, amma yabon kai kam Allah ya hore masa, bai kuwa yi ƙyashin amfani da shi ba. Yana aski yana ba kan da ke gabansa labari, ko mai kan ya so ko bai so ba, tunda ba dama ya motsa.

"Hannun ga da kake gani," in ji shi, "bai taɓa zubda jinin banza ba. Ni ke ce ma jini tsaya, ya tsaya."

Mutane su yi dariya, su ce Baba Mani ya fara. Amma in haihuwa ta zo shi suke kira, daga 'Yargoje har ƙauyukan da ke bakin daji.

'Ya'yansa bakwai, shida maza, kuma babu wanda ya ɗauki zabira a cikinsu. Wannan ya tafi acaɓa Ƙanƙara, wancan ya tafi ci-rani kudu. Auta ce mace, Rukayya, kuma ita ce zuciyarsa. Tun tana rarrafe take zama gefen buzunsa. Ita ke wanke masa ƙahonni, ita kaɗai ke iya ce masa, "Baba, labarin nan jiya ma ka ba da shi," ya yi dariya ya ci gaba da bayarwa. Da ta isa aure suka daidaita da Mas'udu, ɗan yayarsa Hussaina da ke aure a Daudawa. Yaran suna son juna tun suna ƙanana, iyaye sai murna. Mani ya ce ai wannan aure gida bai ƙoshi da alheri ba, me za a kai waje. Ran da aka ɗauke ta ya shiga ɗaki ya rufe, wai kansa ke ciwo.

Cikin fari ya kamata a ce gida ta dawo ta haihu, kamar yadda aka saba. Amma damanar nan hanya ba ta biyuwa, kullum sai an ji an tare wasu, don haka ta haihu a Daudawa. Namiji ne. Ran kwana uku aka kira wanzamin gidan, wani mai suna Ɗanliti, ya cire masa belu. Jini ya ƙi tsayawa. Washegari da hantsi aka rufe yaron.

Mani ya isa Daudawa ran kwana biyu da rasuwar, ransa a ɓace. Ya tarar da Ɗanliti cikin masu zaman makoki, kansa a sunkuye. Maimakon ya yi gaisuwa ya zauna, sai ya tsaya a tsakiyar zaure.

"Kai, aska aka ba ka ko gatari?" in ji shi. "Ɗan naman da bai kai ƙwayar dawa ba, ka kashe mani jika a kanshi? Wa ya koya maka aiki?"

Ɗanliti ya ɗago ya ce wallahi yadda ya saba yi haka ya yi. Mani bai saurare shi ba. Maganar ta bazu, don maganar babban wanzami ba ta faɗuwa ƙasa. Cikin wata uku babu mai kiran Ɗanliti ko askin kai, har ya tattara iyalinsa ya koma Sabuwa. Mani ya ji labari ya ce madalla, an rage wa jarirai masifa.

Bayan shekara biyu Rukayya ta sake samun ciki. Wannan karon tun yana wata bakwai Mani ya aika a kawo masa ɗiyarsa. Ta dawo gida ba kamar yadda ta tafi ba. Ta rage magana, ba ta fashin zuwa awo, duk abin da aka faɗa mata a can ta riƙe shi gam. Wata ranar Asabar da safe ta haifi mace, jajir da ita, gashi kwance luf. Mas'udu ya zo ya yi mata huɗuba a kunne da Ummu Salma, ya faɗa wa surukinsa sunan a asirce, ya koma Daudawa don gero na jiran yanka, zai dawo ran suna. Uwarsa Hussaina ta zauna taya jego.

Mani ya rasa inda zai sa kansa don murna. Minti kaɗan ya leƙo ƙofar ɗaki.

"Ina amaryata? Ku hwaɗa mata angonta ya zo. Suwaibatu, ki tattara kayanki, an yi maki kishiyar da ta hi ki kyau."

Suwaibatu matarsa ta ce ya je can da tsufansa, ango ba haƙori.

Ran kwana biyu da yamma ya shigo ya tarar da Rukayya ita kaɗai. Ta durƙusa duk da ciwon jikinta, ta ce tana da roƙo.

"Baba, gobe kwana uku. Don Allah a bar mata belunta. A wurin awo an ce ba cuta ba ne, kowa da shi aka halicce shi."

"Su waye suka ce? Yaran da na cire ma nasu?"

"Baba, na rasa ɗaya."

"Hannun Ɗanliti ya kashe shi, ba belu ba. Ni ne fa, Rukayya. Ke kanki wa ya cire maki?"

Ba ta yi musu ba, don ba ta saba musu da shi ba. Hawaye kawai ke zuba. Ta kama gefen rigarsa kamar yadda take yi tana yarinya, ta ce, "Ka yi mani alkawari." Mani bai iya ganin kukanta. Ya ce to, ya ji, an bari. Kuma a lokacin da ya faɗa, har zuciyarsa ya faɗa.

Da gari ya waye jaririya ta sha nono ta tumbuɗo, ta sake sha ta sake tumbuɗowa. Jarirai na yin haka, kowace uwa ta sani. Amma Hussaina ta fito zaure ta sami ƙanenta, fuska a murtuke.

"Mani, yarinyar nan belu ke damunta. Ka zamna kana kallo? Gidan wanzami guda, jika na amai? In mutane suka ji ɗiyarka ta hana ka taɓa ɗiyarta, wa zai ƙara miƙo maka tashi?"

Wannan ta ƙarshe ce ta shige shi. Ya ce ya yi alkawari. Hussaina ta ce alkawari da mai jego, wadda tsoro ya rufe wa ido? Gobe ita za ta gode masa. Ga shi yanzu tana bayan ɗaki, Suwaibatu na yi mata wankan jego, ruwan zafi da ganye, ba za su fito da wuri ba. Kafin ta ɗaura zane an gama.

Mani ya kasa kunne yana jin ƙarar ganye na faɗa wa ruwa daga bayan gida. Ya san aikin ba ya ɗaukar lokacin da mutum zai karanta Fatiha. Ya yi shi sau dubbai. A ransa ya ce taimakonta zai yi, ya cire mata wannan tsoro gaba ɗaya, ta gane uban da Allah ya ba ta. Ya ce wa Hussaina ta ɗauko jaririyar.

Hussaina ta riƙe kan. Ya danne ɗan harshen da ice, ya zura siririyar askarsa mai lanƙwasa, ya ɗauke belun tsaf. Yanka ne mai kyau, ko yau aka tambaye shi zai ce bai taɓa yin wanda ya fi shi ba. Jaririya ta tsala ƙara. Ya taɓa garinsa a yatsa ya kai wurin, ya yi tofi, ya jira.

Jini ya cika ɗan bakin. Ya share da tsumma, ya sake cikowa. Ba tsartuwa yake ba, tsattsafowa yake a hankali, siriri, ja wur, ba ya kauri. Mani ya san jini. Ya san lokacin da yake fara nauyi, ya yi duhu, ya kama jikinsa. Ya tsaya yana jiran wannan lokaci, bai zo ba. Ya ƙara gari, ya ƙara tofi. Tsumma na biyu ya jiƙe.

Haka Rukayya ta same su, zane a ƙirji, jikinta na tururi. Ta dubi tsumman, ta dubi askar, ta dubi ubanta. Ba ta yi ihu ba. Ta karɓi ɗiyarta ta ce, "A nemo mashin."

Mashin biyu suka ɗauka zuwa Ƙanƙara, ita da Suwaibatu a ɗaya, shi a ɗaya. A asibiti ma'aikata suka rufu a kan jaririyar. Ciwon yana inda ba a iya ɗaurewa, ba a iya dannewa da kyau, ga shi tana haɗiye jinin tana shaƙewa. Likita ya ce sai an ƙara mata jini yanzu-yanzu. Mani ya miƙa hannu tun ba a tambaye shi ba. Mai gwajin jini wata mata ce Tabita, Kirista daga wani ƙauye da Mani ya sha zuwa yi wa yara kaciya, har da ƙannenta. Ta gane shi, ta gaishe shi, ta soki yatsansa. Aka ce nasa ya yi tsufa, kuma na dangi na kusa ba shi aka fi so ba, sai wani ɗan acaɓa da bai san su ba ya ba da nasa.

Jinin ya ɗan taimaka. Da azahar likita ya ce a wuce da ita babban asibiti a Katsina, can ne ake da abin da take buƙata. Aka samu mota. Mani na gaba, matan na baya. Ba su kai Dutsin-Ma ba ya ji Suwaibatu ta fara salati a hankali. Ya waiwaya. Rukayya ta ja mayafi ta rufe fuskar jaririyar, ta ce wa direba, "Malam, juya."

Kafin magariba aka rufe ta a 'Yargoje. Ba ta kai ranar suna ba, don haka a gari babu wanda ya san sunanta, ɗiyar Rukayya kawai ake cewa. Ragon da aka saya yana ɗaure a tsakar gida yana kuka, sai da Suwaibatu ta sa aka fitar da shi.

Masu gaisuwa suka ce kwana ne ya ƙare, kuma gaskiya suka faɗa. Babu wanda ya tsaya a tsakiyar zaure ya tambayi Mani ko gatari aka ba shi. Ya so a ce wani ya yi. Rukayya kuwa ba ta faɗa masa ko kalma ɗaya mai zafi ba. Kullum da safe za ta durƙusa ta ce, "Baba, ina kwana," idonta a ƙasa, ta tashi. Da zagi ta yi masa da ya fi masa sauƙi. Ba ta jira arba'in ba, ran kwana goma Mas'udu ya zo ta bi shi.

Abin da ya hana Mani sukuni shi ne bai san kuskuren da ya yi ba. Ya maimaita yankan nan a ransa ba adadi, bai ga inda hannunsa ya kauce ba. Ran wata kasuwar Ƙanƙara ya shirya kamar mai zuwa cefane, ya zarce asibiti, ya nemi ɗakin Tabita. Ya tsaya bakin ƙofa, hula a hannu.

"Ɗiyata, tambaya na zo yi. Ki hwaɗa mani gaskiya, kada ki ji kunyar tsufana. Mi na yanke wanda bai kamata ba?"

Tabita ta ba shi kujera. Ta ce likita ya sa ta adana ɗan gilashin da ta shafa jinin jaririyar a kai, don abin ya ba su mamaki. Ta sake sokin yatsan Mani, ta shafa a wani gilashin, ta zuba masa ruwan launi, ta ce su jira ya bushe. Ta hana shi danne yatsan. Suna zaune yana kallon ɗigon jinin, ya yi kauri, ya yi duhu, ya tsaya.

"Wa ya tsaida shi, Baba?"

Ya ƙura wa yatsan ido.

"Ka san gayya," in ji ta. "To cikin jinin kowa akwai 'yan gayya, ƙanana ƙwarai, ido bai ganinsu. Likitoci na ce masu filatilet. Yawo kawai suke cikin jini, babu ruwansu da kowa, sai an ji ciwo. Da jijiya ta yage, waɗanda ke kusa sai su manne a bakin wurin. Da sun manne sai su sake kama, su hiddo 'yan hannuwa, su saki wani abu cikin jini, shi ne kiransu. Na nesa su ji su taho, su ma su yi kira. Kowa ya kama ɗan'uwanshi har su cushe ƙofar. Sannan jini ya saƙa zare bisansu kamar raga, ya ɗaure. Shi ne gudan jinin da kake gani, shi ke bushewa ya zama ɓawon ciwo."

"Garin maganina hwa?"

"Dannewar da kake yi tana taimako. Amma su ke aikin, Baba. Ko kana nan ko ba ka nan."

Ta sa gilashinsa a ƙarƙashin madubin gwaji, ta nuna masa yadda zai kafa ido. Da farko bai ga komai ba sai haske. Can ya ga wasu faya-faye jajaye birjik, a tsakaninsu kuma 'yan ɗigo masu ruwan shuni sun dunƙule gungu-gungu. Ta ce waɗannan ne, nasa ne, sun kama juna. Ta cire ta sa na jaririyar. Ga 'yan ɗigon nan da yawa, ko'ina, amma kowane yana zaune shi kaɗai.

"Sun zo," in ji Tabita a hankali. "Ba su yi kaɗan ba. Abin kama juna ne babu. Ban iya rantse maka sai babban asibiti sun tabbatar, amma haka muke zato ni da likita. Da shi aka haife ta. Yakan zo in uwa da uba duk suna ɗauke da shi a ɓoye, su lafiya lau, shi ya sa aka hi ganinshi a auren zumunci. Ba kowane ɗa zai samu ba. Wani ya samu, wasu su tsira."

Mani ya daɗe bai ɗago daga madubin ba. Wannan ne kawai abin da ya rage na Ummu Salma a duniya, kuma yana kallonsa. Da ya ɗago gemunsa ya jiƙe.

"Kenan ba hannuna ba ne."

Tabita mace ce da ba ta iya ƙarya ba, ko ta lallashi.

"Yankanka bai kauce ba, Baba. Amma masu irin wannan suna rayuwa, in an sani ana kiyayewa. Da ba a yanka ba, da ba ta tahi ran nan ba."

Ya yi mata godiya, ya sa hularsa, ya fita. A bakin asibiti ya zauna kan wani dutse har rana ta karkata. Baƙin cikin da ya taho da shi guda ɗaya ne, ya koma da uku. Jinin da ya yi shekara arba'in yana cewa shi ke tsayar da shi, ashe ba ya ma san da shi ba. Jikarsa ta farko da ya ɗauka a hannu, shi ya buɗe mata ƙofar da jikinta ba zai iya rufewa ba. Ga kuma Ɗanliti, da ya ɗora wa laifin mutuwar ɗan farin Rukayya, alhali wataƙila ciwon ɗaya ne.

Sati bai zagayo ba ya hau motar Sabuwa. Ya sami Ɗanliti a bakin tasha yana sayar da rake, ya rame, ya yi furfura. Mani ya durƙusa a gabansa cikin mutane, ya faɗa masa komai, har da 'yan gayyar da ke cikin jini. Ɗanliti ya saurara yana feraye rake bai dube shi ba. Da ya gama ya ce, "Na ji labari tun ran da abin ya hwaru. Na yi maka kuka, Mani, don na san abin da ke bisa kanka. Na yahe. Tashi, mutane na kallo." Ya miƙa masa gutsuren rake. Mani ya karɓa, ya riƙe shi har gida bai sha ba.

Tun daga nan bai ƙara cire belu ba. Kaciya ma sai ya tambayi uwa ko yaron na yawan haɓo, ko ciwonsa na daɗewa yana jini, in ta ce e ya ce a kai asibiti. In aka kira shi kwana uku sai ya je ya zauna ya yi ta bayani, da hannu da ƙafa, yadda ƙananan abubuwan nan ke kiran juna. Masu gida su saurara don girmansa, su ba shi goro, in ya fita su aika a kira wani wanzamin. Wasu suka ce tsufa ne, wasu suka ce tun rasuwar jikarsa kansa ya ɗan taɓu. Mutum biyu ko uku ne suka ji maganarsa. Ya aika wa Mas'udu da duk abin da Tabita ta faɗa, Mas'udu ya aiko da godiya. Daga Rukayya babu saƙo.

Bayan shekara biyu ta haihu a asibiti a Funtuwa, namiji. Ba a aiko ba sai da aka kwana huɗu. Mani ya ƙirga kwanakin, ya gane dalili, an bari ranar cire belu ta wuce. Suwaibatu ta riga shi tafiya, ta aiko masa cewa cibiya ta bushe lafiya, ba jini. Ran suna ya yi wanka, ya sa farar rigarsa ta Juma'a, ya rataye zabira a ƙusa, ya kama hanyar Daudawa hannu sake.

An raɗa wa yaro Hadi. Ba a kira wanzami ba, Mas'udu da kansa ya rage gashin da almakashi, tsofaffi na ta gunaguni. Da jama'a suka watse Suwaibatu ta leƙo zaure ta ce ya shigo ya ga jikansa.

Rukayya na zaune bakin gado, yaron a cinyarta. Ta zame ta durƙusa.

"Baba, sannu da hanya."

"Yawwa, auta. Barka da arziki." Ya yi ƙoƙarin dariya. "Ina abokin nawa? Kawo shi mu gaisa."

Ya miƙa hannu biyu. Ba ta miƙo ba. Ta ƙara matse yaron a ƙirjinta.

"Baba, ka yi haƙuri. Mi ke cikin aljihunka?"

"Ke Rukayya!" in ji Suwaibatu. "Ubanki ne hwa!"

"Bar ta," in ji Mani.

Ya zura hannu ya fito da carbi, ya ajiye a kan tabarma. Ya fito da goro biyu da asuwaki, ya zazzage aljihun ya bar shi a waje yana reto. Rukayya na kuka sosai yanzu, amma ba ta sauke ido ba.

"Da na 'yar ciki."

Ya ɗage babbar rigar, ya juye wannan ma. Babu komai. Sai a lokacin ta matso ta ɗora masa yaron, amma ba ta saki ba, hannunta ɗaya na ƙarƙashin kan, ɗaya riƙe da zanen. Mani ya ji ɗumin jikin a tafinsa, ya ji ɗan nauyin. Ya buɗe baki zai yi addu'a.

Yaron ya motsa, ya yamutsa fuska, ya yi hamma, baki wangame. Idon Mani ya faɗa ciki. Bai yi niyya ba, sabo ne na shekara arba'in, ido ya riga shi. Kallon bai wuce ƙiftawa ɗaya ba, amma Rukayya ta gani. Ta janye ɗanta, ta juya masa kafaɗa.

Ya tsaya da hannuwansa a buɗe yadda suke. Can ya ce, "Allah ya raya shi."

"Amin, Baba."

Ya sunkuya ya kwashe carbinsa da goronsa, ya fita. Hadi yanzu shekararsa uku, lafiyayye, yana faɗuwa ya ƙuje gwiwa jini ya tsaya kamar na kowa. In an kawo shi 'Yargoje da salla Mani na yi masa wasa daga inda yake zaune, ya ba shi alewa, ya kira shi abokina. Bai ƙara cewa a ba shi shi ba, Rukayya kuma ba ta ƙara miƙa masa ba.